Na Je Wankan Jego Alƙahira, Na Tarar da Rigimar Ranar Malam Sambo

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo yi min sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce in ba ta labari, ina cikin bayarwa wata ta yi sallama in koma farko. Jiya ma a gidan biki aka tare ni a bakin rariya ina wanke hannu. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, mai so ta karanta, muryata ta huta.

Ku da kuka san ni kun san ba na son tafiya. Ko Zariya aka ce in je sai na kwana biyu ina neman uzuri. To amma Safiya ce, 'yata ta uku, ga cikin fari, a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da goggo. Mijinta Malam Mustafa karatun addini yake yi a can, ya daɗe. Da suka aiko da takardun tafiya ban tsaya shawara ba, na hau haɗa kaya. Daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kanwa, surfaffen gero na kunu, yajin jego da na daka da hannuna, busasshen ganyen darbejiya da goro. Kayan sawana kala huɗu ne, sauran jakar duk na ciki ne.

Daga Funtua muka bi ta Malumfashi zuwa Kano. Mun wuce Gwarzo kaɗan taya ta fashe, muka zauna a gindin bishiya direba yana ta kokawa da ƙarfe, ni kuwa ina ta tunanin jirgi ba ya jiran mutum kamar motar tasha. Allah ya sa muka isa a kan lokaci. Fasfona kuma tun daga gida na ƙulle shi a bakin zane na ciki don kada ya ɓata. Da aka zo layi aka ce kowa ya miƙo nasa, sai da na juya na fuskanci bango ina kwance ƙulli, mutane na jira a bayana. Wata matashiya ta matso ta kāre ni da hijabinta tana dariya ƙasa-ƙasa. Sunanta Hauwa, 'yar Maraɗi, mijinta shi ma ɗalibi ne a can, kuma ta san Safiya. Allah ya haɗa kujerunmu a jirgi. Ita ta ɗaura min bel, ita ta buɗe min abincin da aka kawo a ɗan kwanon takarda, wanda ban gane kansa ba sai burodin. Ta ce in leƙa taga in ga hamada. Na ce na gode, na yarda da ita.

A filin jirgin Alƙahira aka buga min hatimi lafiya, aka duba katin rigakafi lafiya. Jakata ce ta ja min. Wani ma'aikaci mai gashin baki ya sa na buɗe ta, warin daddawa ya fito ya gaishe shi, ya ja da baya yana toshe hanci. Ya ɗaga ƙullin kuka, gari kore shar, ya kira abokin aikinsa. Suka ɗaga kanwa, suka kira na uku. Ni dai na ga abin yana neman girma, sai na naɗe hannu kamar ina riƙe da jariri ina jijjigawa, na nuna cikina, na nuna baki. Hauwa ta ce min daga baya sun ɗauka ni ce mai cikin. Ita ta yi musu bayani da Larabci cewa kayan miya ne da na mai jego. Mai gashin bakin ya lakaci yajin ya kai harshe. Sai da ya yi hawaye, abokansa suna ta tsokanarsa. Ya rufe jakar da kansa yana cewa halas, halas ya Hagga, wato shi ke nan Hajiya. Haka suke faɗin Hajiya, kuma kowace tsohuwa Hagga ce ko ba ta taɓa zuwa Makka ba. Na karɓi sunan, ban yi musu gardama ba.

Gidan su Safiya a Madinat Nasr yake, hawa na bakwai. Akwai akwatin nan mai hawa da mutane, suna ce masa asanser, amma rabin kwanakina a lalace yake, mai gadin gidan kullum ma'alish, wato a yi haƙuri, sai gobe. Ɗaki biyu ne da falo, ba tsakar gida, ba inda za ka tsaya ka ga ƙasa sai ka leƙa baranda. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kunyar suruki. A gida Malam in ya zo gaishe ni daga zaure yake durƙusawa, in amsa daga ɗaki. Nan kuwa banɗaki ɗaya, hanya ɗaya. In ya ji motsina sai ya koma ɗaki, in na ji nasa in shige kicin. Bawan Allah a baranda yake cin abinci, a tsaye.

Abincinsu wake ne da safe, dafaffe luguf da mai, su ci da wata gurasa mai fāɗi. Akwai kuma wanda suke haɗa shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake a kwano ɗaya, su zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa. Da farko na ce wannan ai kwaɗon ragowa ne, daga baya ni ce mai aikawa a sayo. Maƙwabciyarsu Ummu Karim, mace mai jiki da fara'a, ta ja ni kicin ɗinta in ga miyar da suke taƙama da ita. Ina leƙa tukunya na ga lalo ne, lalonmu na bayan gida. Da ta zo juye soyayyiyar tafarnuwa a ciki sai ta ja wani numfashi da ƙarfi kamar wadda ta ga maciji, har na riƙe ta. Ashe al'ada ce, wai in ba a yi haka ba miyar ba ta daɗi. Cefane kuma daga baranda suke yi. Ta zura kwando da igiya tana ƙwala wa mai kayan miya kira, ya zuba, ta jawo. Ranar da na gwada, igiyar ta kuɓuce min, kwando ya sauka a kan motar wani.

Kwanana huɗu Safiya ta haihu, ranar Litinin, 'ya mace, lafiya lau. Na hau aikina. Babu itace babu tukunyar wanka, ruwan zafi daga famfo yake fitowa, sai in tafasa ganye a gas in haɗa. Kunun kanwa kuwa ban fasa ba ko sau ɗaya.

Sai dai na lura da wani abu. Talata ta wuce, Laraba ta wuce, 'yan barka ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, Hauwa da matan ɗalibai biyu. Alhali Safiya ta sha ba ni labari a waya cewa Hausawa suna da yawa a garin, in an yi haihuwa gida ba ya ɗaukarsu. Na tambaye ta ina mutanen. Sai na ga hawaye. Mai jego da kuka, ai hankalina ya tashi.

Ga yadda abin yake. Hausawan da ke can suna da ƙungiya, ɗalibai da ma'aikata da waɗanda aka haifa a Sudan da Masar. Duk shekara suna da rana guda ta hutu, su rufe islamiyyar yaransu, masu shago su rufe, a taru a yi sauka a ci abinci. Sunanta Ranar Malam Sambo. Shi Malam Sambo tun zamanin tafiyar ƙafa ya baro ƙasar Hausa zai je Hajji, ya zauna a Sudan, ya ƙaraso Masar, ya buɗe zaure inda duk Bahaushen da ya sauka zai ci ya kwana kyauta. To Malam mijin Safiya shi ne magatakardan ƙungiyar. Yana binciken karatunsa ya ci karo da wata tsohuwar takarda da ta nuna Malam Sambo ya baro gida da bayi, kuma a hanya ya sayar da su ya yi guzuri. Sai ya rubuta ƙudurin a gyara dokar ƙungiya, a cire sunan, a mai da ita Ranar Matafiya. Ya tura a guruf ɗinsu na waya, ya ce ko a manyan ƙasashe majalisa tana zama ta yi doka ta sauya hutun irin waɗannan mutane. Za a kaɗa ƙuri'a ranar Asabar.

Matsalar ita ce Malam Sambo yana da jika a raye, Hajiya Batula, ta haura tamanin, tana zaune a unguwar Arba wa Nus. Ita ce uwar matan Hausawa a garin. Manyan tukwanen taro a gidanta suke, in ta ce a je biki an je, in ta yi shiru kowa ya zauna. Tun da takardar ta fita ta yi shiru a kan gidan surukina. Ga suna ranar Litinin mai zuwa. Ni kuma ban ƙetare hamada don in ga an yi sunan jikata falo wayam ba.

Ranar Alhamis na ɗaure goro da daddawa na ce Hauwa ta raka ni. Gari ba cunkoso sosai, ta ce hutu ake yi, na wani abin tarihi da ranarsa ta faɗo Talata amma gwamnati ta ɗaga shi zuwa Alhamis don ya haɗu da Juma'a da Asabar. Na ce ashe hutu ma ana ɗaukarsa a ajiye a wani wuri kamar kujera. Ta ce ai ko a Najeriya an taɓa ɗauke wani daga wannan wata aka kai wancan. Tsallaka titi kuwa sai da na riƙe rigar wata Balarabiya da ban sani ba, ta ja ni har ɗaya gefen ba ta ko waiwayo ba. Muka shiga ƙaramar bas, muka sauka, muka bi lunguna masu ƙura kamar na tsohuwar kasuwa.

Hajiya Batula 'yar siririya ce, ta naɗa lafaya irin ta Sudan, Hausarta tsohuwa, irin wadda na ji a bakin kakata. Ta karɓe mu da shayi da gaisuwa mai tsawo. Ta san ko ni wace ce, amma ba ta ce barka ba. Na ajiye goro, ta dube shi. Na kwance daddawa, ta ɗauki ɗaya ta shinshina ta daɗe ba ta ajiye ba, ta ce wannan ta kalwa ce ta gaske. Muka shiga hirar miya. Ni dai ina neman ta inda zan ɓullo.

Idona ya kai kan kabad, na ga wasu kwanukan samira guda huɗu, tsofaffi, fentinsu ya goge, an jera su daban an rufe da farin ƙyalle. Kun san ni da kayan ɗaki. Na ce Yaya, waɗannan na aurenki ne? Ta ce a'a, na Ranar Malam ne. Duk shekara kafin a zuba wa kowa, su take fara cikawa ta aika sadaka, matan da ke taya ta girki sun ɗauka al'ada ce kawai. Ta nuna su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na Barka ne. Wannan na Nasamu. Wannan na Nagode. Wannan kuma na wadda ta goyi mahaifiyata daga gida har bakin kogi. Dada take ce mata, sunanta na gaskiya ba wanda ya riƙe."

Ta ce mahaifiyarta tana ƙarama lokacin, abin da ta iya tunawa kawai wata safiya ta farka ta nemi bayan da take kwanciya a kai ta rasa, an sayar da Dada da sauran. Mahaifiyar ce ta fara cika kwanukan, da za ta rasu ta bar wa autarta, ita Hajiya Batula.

"Surukinki yana ganin shi ya tono abin. Na girme shi da saninsa shekara saba'in. Amma ya zo ya tambaye ni? Yana da ƙafa. Sai jikokina ne suka karanta min a waya, ga sunan kakana, ga mai sayar da mutane a gefe, yara suna ta sa hoton dariya a ƙasa."

Ban kāre Malam ba, don ban ga abin kārewa ba. Na ce yaro ne, karatu ya yi masa yawa. Na roƙe ta ta zo suna. Ta ce Allah ya raya, ta sa aka raka mu bakin titi.

Da muka koma gida na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka ɗaura auren Safiya. Na zauna a falo na ce a kira min Malam. Ya fito yana neman inda zai sa kansa, ya durƙusa can bakin ƙofa. Na ce ni ban san doka ba, ban san ƙuduri ba, kuma ban ce ya janye takardarsa ba, don sayar da ɗan Adam ba abin da za a yi wa biki ba ne. Amma a inda aka haife mu ba a aika wa tsohuwa magana irin wannan ta waya. Ya fara kawo min bayanin sashe kaza na dokar ƙungiya. Na ce Malam, gobe in an sauko Juma'a ka sa hularka, ni zan shige gaba.

Haka aka yi. Ta bar shi a durƙushe, tana ta ba ni labarin farashin gas. Sannan ta juyo ta ce ya karanta mata takardar da bakinsa, tun daga farko. Ya karanta yana haɗa gumi. Da ya zo wajen kalmar nan ta mai sayar da mutane ya tsallake, ta ce ya koma, ba haka aka karanta mata ba. Ya ba ta haƙuri. Ta ba shi labarin kwanukan. Amma da ya tambayi ko ta yarda a sauya sunan, cewa ta yi sai Asabar.

Taron a ɗakin islamiyya aka yi, maza a gaba kan kujerun yara, gwiwoyinsu har ƙirji, mu mata a baya. Wani ma'aikacin ofishin jakadanci, Kirista ɗan Kafanchan, shi aka ba alƙalanci don ba ya kowane ɓangare. An sha surutu. Wani dattijo ya ce mahaifinsa a zauren Malam Sambo ya kwana lokacin da ya iso ba ko takalmi, alheri ba ya gogewa. Wani ɗalibi ya ce da kuɗin wa aka fara dafa abincin zauren. Wani kuma daga baya ya ɗaga hannu ya ce shi tambayarsa ɗaya, ko wane suna aka sa, shinkafar tana nan? Aka yi dariya, wuri ya ɗan yi sanyi. Malam ya tashi ya ce ya yi kuskure a yadda ya fitar da maganar, ya cire kalmar da ya rubuta, kuma ya ƙara a cikin ƙudurin cewa duk shekara a yi wa Malam Sambo addu'a tare da mutanen da ya baro gida da su. Alƙali ya ce to su wane ne, a rubuta. Malam ya waiwayo wajen mata. Daga bayana na ji muryar Hajiya Batula, ba ta ko tashi ba, ta faɗi sunayen nan huɗu a hankali, aka rubuta.

Aka zo ɗaga hannu. Masu son a sauya suka fi yawa nesa ba kusa ba. Da aka ce masu son a bar sunan Malam Sambo, ta ɗaga nata, siriri, ta riƙe shi sama har aka gama ƙirgawa. Ta sha kaye. Ta tashi ta fita jikokinta na riƙe da ita, ba ta kalli kowa ba. Na koma gida na ce wa Safiya mu dafa daidai cikinmu.

Ranar Litinin da safe maza suka raɗa suna a masallaci, Aishatu. Ummu Karim ta shigo da nata bikin, don su ma suna yin na kwana bakwai. Ta sa jaririyar a cikin rariyar tankaɗe, ta kawo ƙaramin turmin ƙarfe tana bugawa kusa da ita tana ba ta umarni da Larabci, wai ki ji maganar uwarki, ki ji ta kakarki, kada ki ji ta ubanki. Na ce wannan sashen a maimaita. Muka yi dariya, amma idona yana kan ƙofa. Hantsi ya yi, mu shida ne a falo. Safiya ta yi kwalliya ta zauna a bakin gado tana wasa da zoben hannunta.

Wajen sha ɗaya mai gadi ya buga waya yana faɗa da Larabci. Hauwa ta saurara ta ce wai wasu mata sun cika masa ƙofa da tukwane, asanser kuma ya lalace. Na fita ko takalmi ban sa ba. Tun daga hawa na biyar nake jin Hausa tana tahowa, ana haki ana tsokanar juna. Hajiya Batula ce a gaba, tana hawa tana hutawa, ta ƙi yarda a ɗauke ta. Da ta iso ba ta bi ta kaina ba, ta wuce ta karɓi jaririya ta yi mata addu'a, ta ce wa Safiya barka da arziki 'yata. Sannan ta shiga kicin ta buɗe tukunyata ta ce wannan miyar ta mutum nawa ce, ta aljanu?

Malam ya zo ya durƙusa a ƙofar kicin yana godiya. Ta ce ya daina, har yanzu ba ta huce ba, kuma ko gobe aka sake ƙuri'a hannunta yana inda yake. Ya ce to Hajiya, ranar fa, wa zai yi mana girki?

"Ku kira ta abin da kuka ga dama a takardarku. Kai dai ka zo da wuri, bana kai za ka kai kwanukan."

Ta juya ta ce min in miƙo mata daddawa, kuma in matsa, na tsare mata haske.